ƊAUKAR HOTON NAMUN DAJI: IN KUNNE YA JI, JIKI YA TSIRA

WUSE, Abuja. Duk wanda ya bi ta titin Aminu Kano da ke Wuse 2, ya leƙa kantunan Banex Plaza, zai ga yadda ake cinikin wayar hannu ba ƙaƙƙautawa, kuma da yawa daga cikin masu saye abin da suke fara dubawa shi ne kyawun kyamarar da ke jikinta. Watau aikin da a da sai mai hoto ya kafa akwatinsa mai ƙafa 3, ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle, yau ya zama kowa da tasa kyamarar a aljihu. Daga ma'aikacin ofis har mai tura baro a kasuwar Wuse, babu wanda ba ya son ya aika wa mutanen gida hoton da za a ce kai, wane ya ga duniya.

To, wannan ba laifi ba ne. Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da mai waya ya tsaya gaban zaki a gidan zu, ko gaban giwa a Yankari, ko gaban kurar gardawa a bakin tasha, ya ce lalle sai ya matsa kusa domin hoton ya fito sosai. Wannan magana kuwa ta shafi 'yan Arewa mazauna Kudu ƙwarai, domin su ne ke kwasar iyali zuwa gidan zu ranar yawon Salla, su ne ke biyawa ta Bauchi in sun je ganin gida, har ila yau kuma akwai daga cikinsu waɗanda abincinsu ke wurin kiwon waɗannan dabbobi.

ABIN DA YA AUKU A ABEOKUTA DA IFE

A ƙarshen watan Satumba na 2024, a gandun dabbobin da ke harabar ɗakin karatu na tsohon Shugaban Ƙasa Olusegun Obasanjo a Abeokuta, zaki ya kashe mai kula da shi, wani ɗan asalin Jihar Bauchi mai shekara 35. Baƙi ne suka zo suna son ganin yadda ake ba zakin abinci, shi kuwa ya yarda ya nuna musu, aka bar ƙofar tsaro ba a kulle ba. Zakin ya cafke shi a wuya. Sai da aka harbe dabbar, amma ina, rai ya riga ya yi halinsa.

Watanni 7 kafin nan, a Fabrairun 2024, irin wannan ta faru a gidan zu na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, inda zaki ya kashe wani tsohon ma'aikaci a lokacin ba da abinci, alhali kuwa shi ne ke renon zakunan wurin tun suna 'yan jarirai, kusan shekara 9. A 2017 ma zaki ya kashe mai kula da shi a lambun Agodi da ke Ibadan. A Arewa kuwa, zakin gandun dabbobi na Jos ya tsere a Disamban 2015 har sai da aka harbe shi, na gidan zu na Audu Bako a Kano kuma ya kuɓuce a Oktoban 2019, ya cinye awaki, aka yi wajen kwana 2 ana fama kafin ya koma kejinsa.

Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka rasa rayukansu ba baƙi ba ne ga dabbobin. Mutane ne da suka san su, suka saba da su safe da yamma. In har wanda ke ba zaki abinci kullum bai tsira ba ranar da aka yi sakaci da ƙofa guda, ina ga baƙon da ya zo da waya a hannu yana neman hoto?

DARASI DAGA ƘASAR BEYAR

Amurka da Kanada suna cikin ƙasashen da suka yi nisa wajen tsara dokar ɗaukar hoton namun daji, kuma dabbar da ta koya musu wannan darasi ita ce beyar da suke kira girizli. Babu irinta a dazukan Afirka. Dabba ce mai gashi ruwan ƙasa, da tozo a kafaɗa, da farata masu tsawon da kan kai santimita 10. Babban namiji yakan kai kilo 300 ko fiye, amma duk da wannan nauyi tana iya gudun kilomita 55 a sa'a guda. Usain Bolt, wanda ya kafa tarihin gudun mita 100 a Berlin a 2009, bai kai kilomita 45 a sa'a ba ko a tsakiyar ƙarfin gudunsa.

Michio Hoshino mutumin Japan ne, yana cikin shahararrun masu ɗaukar hoton namun daji na zamaninsa, ya kuma yi shekaru da yawa yana aiki a dazukan Alaska. Ranar 8 ga Agusta 1996 wata beyar ta kashe shi a bakin tafkin Kuril da ke yankin Kamchatka na ƙasar Rasha, inda ya kafa tantinsa ya kwana. Timothy Treadwell kuwa Ba'amurke ne da ya yi bazara 13 yana zama cikin beyar a gandun Katmai na Alaska, yana ɗaukar su a sinima, yana raɗa musu sunaye, har yana taɓa su da hannu. Ma'aikatan gandun sun sha yi masa gargaɗi. A watan Oktoba na 2003 beyar ta kashe shi tare da abokiyar tafiyarsa Amie Huguenard. Labarinsa ne Werner Herzog ya mayar fim a 2005 mai suna Grizzly Man.

Wanda ya fi dacewa da mai waya a hannu shi ne abin da ya faru a gandun Denali, shi ma a Alaska, a watan Agusta na 2012. Wani matafiyi shi kaɗai ya ci karo da girizli tana kiwo, ya tsaya yana ɗaukarta hoto. Da aka tsinci kyamararsa daga baya, sai hotunan suka nuna ya yi wajen minti 8 yana ɗauka, tsakaninsa da dabbar kuwa bai wuce yadi 50 ba, alhali dokar gandun ta ce yadi 300. Mai lissafi ya lissafa: dabbar da ke gudun kilomita 55 a sa'a, daƙiƙa 3 ta ishe ta cin yadi 50. Wannan ne karo na farko da beyar ta kashe mutum a tarihin gandun.

Saboda irin waɗannan ne hukumar gandun Yellowstone ta kafa doka cewa kada kowa ya kusanci beyar ko kyarkeci ƙasa da yadi 100, watau kusan tsawon filin ƙwallon ƙafa, sauran dabbobi kuwa yadi 25. Ana umartar masu shiga daji su tafi su 3 ko fiye, su riƙa yin magana da ƙarfi domin dabba ta ji zuwansu ta kauce, su riƙe gwangwanin feshin barkono a inda hannu zai kai da sauri, su kuma rataye abincinsu nesa da inda za su kwana. In aka yi kiciɓis, ba a gudu, sai a ja da baya sannu a hankali. In uwar 'ya'ya ce ta kai hari, mutum ya kwanta rub da ciki, ya rufe ƙeyarsa da hannuwa, ya yi kamar ya mutu har ta tafi.

Amma a yi hattara da wannan dabara ta ƙarshe. Tana aiki ne domin ita uwar beyar kare 'ya'yanta take yi, da ta ga babu sauran barazana sai ta tafi abinta. Zaki da kura ba haka suke ba. Wanda ya kwanta a gaban kura ya yi kamar ya mutu, to, ya sauƙaƙa mata aiki ke nan. Su ma can ana koya musu cewa in beyar ta biyo mutum cikin tanti da dare, nama take nema, sai a yi faɗa da ita da duk abin da ya zo hannu.

YADDA KYAMARA KE RUƊIN MAI ITA

Dalili 3 ke sa mai ɗaukar hoto ya fi ɗan kallo shiga haɗari. Na farko, gilashin kyamarar waya an yi shi ne domin ya kwaso fili mai faɗi, saboda haka yakan nuna abu ƙarami kuma da nisa. Giwar da ke yadi 30 sai ta fito a allo kamar tunkiya, mai wayar kuwa sai ya riƙa matsawa taki ɗaya bayan ɗaya domin ta cika allon, bai sani ba har ya shiga hurumin da dabbar ba ta yarda a shiga ba. Ƙwararrun da ake ganin hotunansu a mujallu, inda ake iya ƙirga gashin bakin zaki, ba kusa suka je ba. Dogon gilashi suke ɗaurawa, mai milimita 400 ko 600, suna zaune cikin mota ko a wata maɓoya, wani lokaci su yi kwanaki suna jira.

Na biyu, wanda ya kafe ido a allo ba ya ganin abin da ke gefensa. Yana kallon ɗan giwa yana murmushi, uwar kuwa tana fitowa daga bayan kurmi ta hagunsa.

Na uku shi ne hoton ɗauki-kanka, wanda ba ya yiwuwa sai mutum ya juya wa dabba baya. A bazarar 2015 ɓaunar Amurka ta raunata mutum 5 a Yellowstone. Binciken da hukumar kula da cututtuka ta ƙasar ta buga ya nuna 3 daga cikinsu hoto suke ɗauka daga tazarar da ba ta fi ƙafa 6 ba, 2 kuma sun juya wa dabbar baya. Ga zaki da damisa kuwa, ganin ƙeyar mutum, ko ganinsa a tsugune, ko ganin ƙaramin yaro yana gudu, shi ne ke tada musu sha'awar farauta.

IN TAFIYA TA KAI YANKARI

Daga Abuja ana bi ta Jos zuwa Bauchi, daga nan a ɗauki hanyar Gombe har Dindima, a karkata zuwa ƙauyen Mainamaji inda babbar ƙofar gandun take. Daga ƙofar zuwa masaukin Wikki kimanin kilomita 42 ne cikin daji. An keɓe Yankari a 1956, aka buɗe ta ga jama'a a 1962, Gwamnatin Tarayya ta karɓe ta a 1991, sa'an nan ta koma hannun Jihar Bauchi a 2006. Faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Lokacin da ya fi kyau ga mai son hoto shi ne rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, sa'ad da ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suka taru a bakin kogin Gaji neman ruwa.

Giwayen Yankari suna cikin garke mafi girma da ya rage a Nijeriya, masana na ƙiyasta su tsakanin 100 zuwa 150. Sun daɗe suna shan wahalar mafarauta masu neman haure, da rigima da manoman ƙauyukan kewaye, saboda haka ba su ɗauki ɗan Adam aboki ba. Giwa takan yi gargaɗi kafin ta kai hari: ta buɗe kunnuwa, ta ɗaga kai, ta girgiza shi, ta yi kururuwa, ta watsa ƙasa da ƙafa. Duk wanda ya ga haka ya sani ya riga ya wuce gona da iri. Waɗanda suka fi haɗari su ne uwa mai ɗa, da toron giwa a lokacin da yake cikin zafin neman mace, wanda ake gane shi da wani ruwa mai maiƙo da ke tsatsowa tsakanin idonsa da kunnensa.

Ɓauna ba ta cika yin irin wannan gargaɗi ba, musamman tsohon sa da ya ware daga garke ya kwanta cikin duhuwa. Dorina kuwa da dare take fitowa kiwo, da asuba ta koma ruwa, kuma duk wanda ya tsaya tsakaninta da ruwan ta kansa za ta bi, ga ta da gudun da ya kai kilomita 30 a sa'a duk da ƙibarta. Kada yana kwance a bakin ruwa kamar guntun itace, shi ya sa ba a tsugunawa a gaɓar kogi domin ɗaukar hoton inuwar bishiya a ruwa.

Amma dabbar da baƙo zai fara karo da ita ba giwa ba ce, birai ne, manyan nan da ake kira bika, waɗanda suka cika masaukin Wikki suna yawo tare da mugun dawa. Sun saba da mutane har sun daina jin tsoronsu, sukan fizge leda daga hannu, su faɗa ɗakin da aka bari a buɗe. Babban namiji yana da fiƙoƙi masu tsawo da kaifi. Kada a miƙa musu ayaba ko biskit domin su tsaya a ɗauke su, kada a kafe su da ido, in kuwa sun ƙwace abu a bar musu, domin babu ledar burodin da ta kai yatsa daraja.

Dokar da ta tattara duka ita ce a shiga daji da jagora daga ma'aikatan gandun, a zauna cikin mota, kada a sauka sai inda ya ce a sauka, kada kuma a matsa wa direba ya ƙara matsawa kusa domin an ba shi na goro. Wannan doka ita ce dai ga mazauna Kudu da ke zuwa gandun Okomu a Jihar Edo, ko dajin Omo a Jihar Ogun, inda giwayen kurmi suke, ko gandun Lekki a Legas inda birai ke tare masu ziyara a hanya.

KURAR GARDI BA TA ƊAN KALLO BA CE

Ba sai an je daji ba ake haɗuwa da naman daji. Wasan kura tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, gardawa kuwa sukan zaga da kura da birai da mesa daga gari zuwa gari har Legas, suna wasa suna sayar da magani. Su ne ma suka jawo wani mai ɗaukar hoto ɗan Afirka ta Kudu, Pieter Hugo, ya zo Nijeriya a 2005, bayan da ya ga hotonsu da wani ya ɗauka da waya a titin Legas. A wata unguwar talakawa da ke gefen Abuja ya same su, da kuraye 3 da birai 4 da 'yan mesoshi. Ya yi kwana 8 yana yawo tare da su, ya sake dawowa a 2007, ya buga littafin hotuna mai suna The Hyena and Other Men. Ɗaya daga cikin hotunan ya ci lambar farko a gasar World Press Photo ta 2006.

Wanda ya duba hotunan nan da kyau zai ga abin da ya kamata ya koya. Baturen bai faɗa musu haka kawai ba, sai da ya nemi yardarsu, ya zauna da su har ya san halin mutanen da na dabbobin. A cikin hotunan gardi ne ke riƙe da sarƙa mai kauri, sau da yawa kuma kurar na sanye da takunkumi. Su da kansu masu sana'ar, duk da layu da maganin da suka gada, ba su yar da sarƙa da takunkumi da kulki ba.

Kura tana da muƙamuƙin da ke farfasa ƙashin ɓauna, macen ta fi namijin girma, takan kai kilo 60 ko fiye. Ga zafin rana, ga kiɗa, ga ihun jama'a, sai kuma wani ya zo ya haska mata fitilar waya a ido. Har wa yau akwai iyayen da kan biya a ɗora ɗansu a bayan kura, wai don ya daina tsoro, yanzu kuma an ƙara da tsayawa a ɗauki hoto. Takunkumi igiya ce, igiya kuwa takan tsinke. Mai son hoton gardawa ya nemi izini, ya biya abin da aka yi ciniki, ya tsaya nesa da iyakar tsawon sarƙa, ya kuma riƙe hannun yaransa.

ABIN YI DA ABIN BARI

Ƙa'idar da masu gandun daji a ko'ina suka yarda da ita mai sauƙi ce: in dabba ta bar abin da take yi saboda zuwan mutum, ta daina kiwo, ko ta ɗaga kai ta kafe shi da ido, to, ya yi kusa da yawa, sai ya ja da baya, fuskarsa na kallonta, ba tare da gudu ba. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. A kashe fitilar kyamara da ƙarar waya. Kada a yi jifa ko fito ko tafi domin dabba ta waiwayo. Kada a shiga tsakanin uwa da ɗanta, ko a kusanci dabbar da ke kan mushe. In mutum 2 ne, ɗaya ya ɗauki hoto, ɗaya ya zama idonsa.

A gidan zu kuwa, ƙarfen nan na waje da aka kewaye keji da shi an sa shi ne daidai inda hannun dabba ba zai kai ba. Kada a tsallake shi, kada a zura waya ta tsakanin sandunan keji, kada a ɗaga yaro a ɗora shi a kai. In waya ta faɗa ciki, a kira ma'aikaci. Kada kuma a roƙi ma'aikaci ya buɗe ƙofa, ko ya shiga da baƙo bayan an tashi aiki, domin ran da ake sakawa cikin haɗari nasa ne, shi kuwa yana da iyali a gida suna jiran abin da zai aiko.

In tsautsayi ya gitta, biri ko kura ta ciji mutum ko ta yakushe shi, kada a tsaya shafa toka ko man fetur. A wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har tsawon minti 15, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, sa'an nan a garzaya asibiti a ranar domin allurar rigakafin ciwon haukan kare da ta sandarewar jiki. Ba kare kaɗai ke ɗauke da wannan ciwo ba, kuma da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi.

Akwai kuma haƙƙin ita dabbar. Zakin Abeokuta da na Ife da na Jos duk kashe su aka yi, haka beyar da ta kashe Treadwell da ta Denali. Zakunan dajin Nijeriya kuwa sun kusa ƙarewa, 'yan kaɗan ne suka rage a Yankari da gandun tafkin Kainji. Saboda haka gangancin mutum guda yakan ci rai 2, nasa da na dabbar da ba ta san abin da ake kira hoto ba.

Wanda ya sayi sabuwar waya a Wuse ko a Ikeja, yana shirin kai iyali kallon dabbobi a wannan hutu, ya tuna cewa hoton giwa daga nesa, ko da ta fito ƙarama, mutanen gida za su kalla su yi murna muddin mai ɗaukar ne ya kawo shi da ƙafarsa. Allah Ya kiyaye, Ya kai kowa gida lafiya.